Jego Ya Karɓi Lantana

Aikin hutu ne ya sa na fara kama hannun Lantana, matar yayana. Ba wai na hango wani abu ba ne. Ni dai maki nake nema.

Ana saura mako guda a ba mu hutun bazara, Malam Ɗan Asabe, malaminmu na bayoloji, ya shigo aji da zuciyar rago a cikin kwano. 'Yan mata suka dare, wasu har da toshe hanci. Ni kuwa 'yar mahauta ce, a Talatar Mafara aka haife ni, a gidan da kullum akwai fata shanye a kan katanga, don haka ni ya kira na riƙe masa. Ya tsaga ta da reza, ya nuna mana ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da 'yan ƙyamaren da ke barin jini ya wuce amma ba sa barin ya dawo. Ya sa muka taɓa bangon ɗakin ƙasa na hagu muka ji kaurinsa, ya ce shi ke tura jini har yatsan ƙafa. In zuciya ta gaji ta kasa turawa, in ji shi, ruwa kan taru a baya, kamar yadda muke gani a hanyoyin ruwan Bakolori in gaba ta toshe. Ƙafafu su kumbura, huhu ya jiƙe, ita kuma ta yi ta sauri ko ta cim ma aikin da ya fi ƙarfinta.

Daga nan ya koya mana jin bugun jini. Yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa, don shi yana da nasa bugun, sai ka ji naka ka zaci na wani ne. Babban mutum in yana zaune lafiya, daga sittin zuwa ɗari a minti ɗaya. Abin da ya haura haka, a je a ji dalili. Ya ce kowaccenmu ta auna mutum biyar a gidansu, sau ɗaya a mako, ta rubuto masa.

Na iso gida na tarar Lantana kwananta goma sha biyu da haihuwa, an yi suna, yarinya ta ci Hadiza. Haihuwar fari ce, bisa al'ada gidansu ya kamata ta je wanka. To amma ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye garinsu, iyayenta suna can sabon matsuguni wajen Maradun a ɗaki ɗaya. Sai Innarmu, Marka, ta ce a bar mata ita. Inna kuwa ta yi suna a unguwa wajen kula da mai jego, ta kuma faɗa a gaban mata ranar suna cewa in mutanen Maradun suka zo arba'in, ba za su gane 'yarsu ba.

Ta ɗauki maganar nan da gaske. Safe da yamma tukunya na tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa wa Lantana har fatarta ta yi ja. In ta fito, ga gadon ƙasa an hura garwashi a ƙarƙashinsa, ta kwanta a lulluɓe ta, a cikin zafin bazarar da ko kaza ba ta rufe baki. Ga kunun kanwa cikin ƙwarya sau uku a rana, kanwar har ɗaci take. Ga nama da yaji, wannan kam gidan mahauta ne. Duk don kada sanyi ya shige ta.

Na ari agogon Yaya Mamuda, mijin Lantana, wanda ya saya tun da ya fara kai nama sansanin ma'aikatan dam. Baba sittin da takwas. Inna saba'in da shida, tana ta mitar na riƙe mata hannu tana da aiki. Yaya saba'in da biyu. Ni tamanin. Lantana ɗari da takwas.

Na sake ƙirgawa, na ce ko na yi kuskure. Ɗari da goma.

"To likita, mi kinka gani?" in ji Lantana tana murmushi. Mu da ita wasa muke, kamar kowace mata da ƙanwar mijinta. "Ko zuciyata ta hwaɗa maki asirin yayanki?"

"Gudu kinka yi?"

"Gudu? Ni da ko ƙohwar ɗaki ba a bari in leƙa?"

Ta yi dariya, dariyar ta zame mata tari. Na rubuta lambar na rufe littafi, na ce a raina ai daga wanka ta fito.

Mako na zagayowa na zaɓi lokacin da ta daɗe a zaune. Ɗari da goma sha takwas. A ranar ne na lura da ƙafafunta. Sun cika sun yi sheƙi, idon sawu ya ɓace. Na danna da yatsa, wurin ya loɓa, na ɗauke hannu ramin bai tashi ba. Awarwaron da ke yawo a hannunta da, yanzu ya nutse cikin nama. Fuska ma ta yi fam.

Inna kuwa murna kamar ta yi me. Duk matar da ta shigo barka sai ta ja ta ɗakin. "Ku diba mani yarinyag ga. Da ta zo kamar sillen kara, yanzu hwa?" Su kuma su riƙe haɓa. "Kai, Marka, hannunki da albarka. Jego ya karɓe ta."

Da suka watse Lantana ta jawo ni kusa. "Taiba, in na kwanta sai in ji kamar ruwa shina cika mani ƙirji. Zaune nike barci, na jingina ga bango." Ta nemi numfashi. "Amma kak ki hwaɗa ma Inna. Sai ta ce na raina hidimarta."

Ban iya riƙewa ba. Na samu Inna tana tankaɗe, na durƙusa na ce mata wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, zuciyar Lantana ce ke gazawa. Na karanto mata abin da Malam ya ce, har da ɗakuna huɗu.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke haihuwa nawa kinka yi?"

"Inna, lambar ce ta..."

"Ni tara na yi, kowace da ruwan ga na tashi. Ke kanki da kunun kanwa anka shayar da ke. Ƙiba ta zama cuta don kin shiga aji huɗu?"

"To tarin hwa?"

"Sanyi ne. Shi muke kora."

Da yamma ta ƙara garwashi, ta ƙara kanwa. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna yake damuna: maganata ce ta sa aka ƙara wutar. Kuma Inna ba muguwa ba ce. Tun asuba take tashi, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, hannunta duk ƙuna. Da mugunta ce da na san yadda zan ƙi ta. Son a yaba mata ne ya toshe mata kunne, ta kuma kira shi kula.

Ranar kwana ashirin da shida na samu ɗari da ashirin da takwas, bugun kuma ba ƙarfi, sai ka danna sosai kafin ka ji shi. Na tare Yaya Mamuda a zaure yana ɗaure nama a bayan keke zai tafi Bakura. Na nuna masa littafin, layinsa da layin matarsa.

Ya kalli lambobin ya daɗe. Na ga tsoro a idonsa, wallahi na gani. Amma abin da ya fito bakinsa daban.

"Mi kike so in yi? In shiga tsakanin Inna da mai jego? Ɗiyar hwari ce, Taiba. Ko sunanta ba ni kira gaban mutane, sai a gan ni ina rawar jiki kan uwarta?"

"Kai ta asibiti, Yaya."

"In ta yi arba'in."

"Saura sati biyu!"

"To sati biyu shekara ce?" Ya miƙo hannu. "Ba ni agogona. Tun da kinka hwara ƙirge-ƙirgen ga hankalin kowa ya tashi. Ita ma ke ce kike tsorata ta."

Ya kwance shi daga hannuna ya ɗaura a nasa, ya hau keke. Maganin da gidanmu ya samo wa ɗari da ashirin da takwas ke nan, a karɓe agogo.

Na je wurin Baba. Shi kam na sa rai, don shekara arba'in yana buɗe ƙirjin dabba. Na ce masa, "Baba, in kun yanka saniya kunka iske ruwa cike da ƙirjinta, zuciyar ta yi laushi ta buɗe, mi kuke cewa?"

"Ta daɗe da ciwo ke nan," ya ce, bai ko ɗago daga wasa wuƙa ba.

"To haka Lantana take."

Ya tsaya da wuƙar. "Subhanallahi. Mutum kike gwadawa da dabba?" Ya ci gaba da wasawa. "Wanga sha'anin mata ne. Uwarki ta hi mu sani."

Ba agogo, sai na koma auna ta da kaina. Yatsun dama a hannunta, na hagu a wuyana. Kafin zuciyata ta buga ɗaya, tata ta kusa biyu. Lantana ta daina tsokanata. In na shigo sai kawai ta miƙo hannu, ta zuba mini ido. Ba ta iya gama shayar da Hadiza sai ta cire ta ta huta. Magana ma guntu-guntu take yin ta, kalma uku ta tsaya.

"Nawa yau?"

"Ba agogo, matar Yaya."

"Huskarki ta hwaɗa mani."

Ranar Litinin, kwana talatin da ɗaya, na ce za ni karɓo littafi gidan ƙawata, na zarce asibiti. Na yi sa'a na samu wani malamin asibiti, Malam Bawa, dattijo mai haƙuri. Ya karɓi littafin aikin hutuna ya bi layin Lantana da yatsa. Ya tambaye ni ƙafa, ya tambaye ni tari, ya tambaye ni ko tana iya kwanciya. Kowace amsa na ba shi sai fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Kanwa nawa take sha?"

Na gwada masa girman ƙwaryar da hannu.

"A tsai da ita yau. A kashe wutar gadon nan. Zuciyar da ta gaji ba a ɗora mata gishiri da zahi. Kuma a kawo ta yau, ban ce gobe ba. Irinta muna gani, in an kawo da wuri da yawa suna tashi." Ya rubuta takarda ya ba ni. "Ni ba ni shiga gidan mutum sai mai gida ya kira ni. Ki kai ma mijinta."

Na dawo da gudu, na samu Yaya da Inna a tsakar gida. Na miƙa takardar, na faɗi abin da aka ce, ban rage ko kalma ba.

Inna ta saki muciya. "Asibiti kinka tahi? Kin kai sunan gidan ga ga bakin duniya? Gobe a ce Marka ta kasa riƙon mai jego har an kwashe ta ga mota?"

"Inna, mutuwa za ta yi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Mai jego ba ta hita sai ta yi arba'in. In iska ya buge ta ga hanya, wa za a kama? Saura kwana tara mutanenta su zo. Su iske ta gadon asibiti, in ce masu mi?"

Yaya yana tsaye da takarda a hannu, ya dubi Inna, ya dubi ƙofar ɗakin matarsa. Daga ciki ana jin tarin, wani irin tari mai jiƙe. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu.

"Gobe Talata, kasuwa. Shanu biyu za mu kayar, ba ni da wanda zan bar ma. Laraba in Allah ya kai mu sai a duba."

"Malam Bawa ya ce yau."

"Na ce Laraba."

Kowa ya samu abin da zai fake da shi. Inna tana da al'ada, Yaya yana da kasuwa, Baba yana da sha'anin mata. Lantana kaɗai ce ba ta da komai sai kunya, ita ma ta riƙe ta gam.

Talata da hantsi maza sun tafi mahauta tun da sassafe. Na fito na ga tukunya na tafarfasa, tururi na tashi. Inna ta kamo Lantana daga ɗaki, tana tafe tana dafa bango, leɓɓanta sun yi toka-toka. Taku biyar ta tsaya sau biyu. Na sha gabansu na tsaya a bakin makewayi na ware hannuwa.

"Inna, don Allah don Annabi. Yau kaɗai a bari."

"Kauce."

"Ki taɓa hannunta ki ji. Ke da kanki, yatsu biyu kawai."

"Na ce ki kauce, Taiba, tun ban saɓa maki ba."

Ban kauce ba. Lantana ce ta kawar da ni. Ta ɗora hannunta mai nauyi a kafaɗata ta ce, "Ƙyale... in yi... in huta." Ba ta so a yi faɗa a kanta a gidan miji. Na matsa, kuma wannan matsawar ban yafe wa kaina ita ba.

Na tsaya a waje ina jin ƙarar ganye a jikinta. Ɗaya. Biyu. Uku. A na shida sai na ji wani abu ya faɗi, sannan muryar Inna, wata murya da ban taɓa ji ba. "Lantana! Ke Lantana!"

Na faɗa ciki. Tana zube a ƙasa cikin ruwan zafi, kumfa mai ja-ja na fita ta baki da hanci. Muka ja ta waje, na jinginar da ita zaune a jikin Inna, na zura da gudu ba ko mayafi. Kasuwa ta cika maƙil, na yi ta kutsawa tsakanin jakuna da buhunan albasa har rumfar mahauta. Yaya na ganina ya saki wuƙa. Bai tambaye ni komai ba. Mutumin da ba shi da wanda zai bar wa shanu biyu, ya bar su a buɗe ƙudaje na bi, ya samo motar a-kori-kura cikin minti kaɗan. Ashe dai ana iyawa.

A bayan motar na rungume ta a ƙirjina, yatsuna a wuyan hannunta. Bugun ya zama kamar zare, yana zuwa yana ɓacewa, ya fi ƙarfin ƙirga. Mota na ta hon, mutanen kasuwa ba sa matsawa. Daidai tasha na nemi bugun na rasa. Na matsa sama, na matsa ƙasa, na koma wuyanta. Babu. Sai na danna babban yatsana da ƙarfi, na ji dum, dum, dum. Na ƙwala ihu, "Tana nan! Yaya, tana nan!" Ya juyo da hawaye yana hamdala. Ban kai ga rufe baki ba na tuna abin da Malam Ɗan Asabe ya ce a kan babban yatsa. Nawa bugun nake ji.

Malam Bawa ne ya fito ya tarbe mu. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe, ya cire. Ya dubi Yaya, bai ce masa komai a kan jiya ba. Ya ce, "Sai haƙuri." Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Mutanen Maradun ba su samu labari da wuri ba, sai ranar uku suka iso. Tsakar gida cike da mata ana ta gaisuwa, kowa da abin da take faɗi. Kwana ne ya ƙare. Wa ya isa ya tsare? Ai Marka ta yi iyakar yinta, kowa ya ga yadda yarinyar ta murje. Inna na zaune ta rame, idanu sun kumbura, Hadiza a cinyarta ana ba ta madarar shanu da cokali.

Mahaifiyar Lantana, wadda muke kira Gwaggo, 'yar tsohuwa ce siririya, zaninta ya koɗe. Bayan an yi addu'a ta matso gaban Inna ta durƙusa har ƙasa.

"Marka, na zo in yi maki godiya. An hwaɗa mani duk hidimar da kinka yi ma ɗiyata, ruwa sahe da marece, kunu, nama. Mu can inda anka zuba mu ko icce babu, kara muke tsinta mu dahwa tuwo. Da hannuna take, wallahi ko ruwan ɗumi ba ta samu kullum, balle kanwa. Allah shi saka maki."

Mata suka amsa da amin. Ni kuwa ina bakin ƙofa da butar baƙi a hannu, na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Da ta rayu."

Wata ta ce a'uzubillahi. Inna ta ɗago a firgice. "Kak ki kula ta, Gwaggo. Yarinya ce, boko ya taɓa mata kai."

Gwaggo ba ta dubi Inna ba. Ta yafuto ni, na zo na durƙusa. Ta kama hannuna ta yi ƙasa da murya, amma kowa na ji.

"Ɗiyata, ciwo ta yi?"

"Ciwon zuciya, Gwaggo."

"An sani?"

Na dubi Inna. Uwata ce, ita ta haife ni, idonta na roƙona. Na ce, "An sani. Na hwaɗa ma kowa. Asibiti ma sun ce a kawo ta, anka ce sai Laraba."

Gwaggo ta saki hannuna. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe a hankali, ta kwance mayafinta, ta sa hannu biyu ta ɗauke Hadiza daga cinyar Inna, ta goya ta, ta ɗaure tam.

"Wagga ni za ni riƙe ta," ta ce. "Ba mu da icce, Marka, amma in yaro ya ce shina jin ciwo muna jin shi."

Ta bi ta zaure ta wuce Baba da Yaya da ke zaune a kan tabarmar makoki. Sun ga goyon, sun san ko wace ce. Babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ta tsaya.